Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga iyayenmu masu shirin sayen mutum-mutumin koyon aikin asibiti

Zuwa ga iyayena Alhazai da Hajiyoyi, attajiranmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago, da 'yan kwamitin da kuka ɗora wa haɗa kuɗin kayan koyon jinya da ungozoma.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ku da girmamawa, da fatan iyali suna lafiya, kasuwa kuma Allah ya ƙara mata albarka.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, wani ƙanena ya nuna mini hoto a wayarsa: mutum-mutumi kwance a gadon asibiti, ido buɗe, an jona masa allo a gefe. Ya ce shi kuka yanke shawarar saya wa makarantar jinya da ungozoma inda 'ya'yanmu mata da dama ke karatu, kuma kuɗin ya kusa haɗuwa. Na yi muku addu'a a wurin, har yanzu ma ina yi. Amma tun daga masallaci har gida gabana ke faɗuwa, domin shekara tara ke nan da irin waɗannan na'urori nake cin abinci. Ni nake kwance su, ni nake ɗaure su, ni ake kira idan sun ƙi numfashi ana saura kwana biyu jarrabawa. Ba ni da kujera a zamanku, abin da zan iya sa wa a asusun kuma bai kai a saurare ni ba, shi ya sa na rubuto a fili. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Ni ɗanku ne, haifaffen Idi-Araba. Gyaran waya na fara koya a Computer Village da ke Ikeja, daga baya na yi difloma a fannin lantarki, sannan Allah ya kai ni ɗakin da ɗaliban jinya da likitanci ke gwada hannunsu kafin a sake su kan marasa lafiya. Maganata ɗaya ce. Idan kuka sayi wannan na'ura ba ku sa mai kula da ita da kuɗin kulawar cikin lissafi ba, hoton ranar yanke zare kawai kuka saya, kuma da wuya ta ga azumi biyu tana aiki.

Amfanin abin kam babu jayayya. Duk nas ɗin da kuka taɓa miƙa wa hannu, akwai ranar da ta soka allurarta ta farko, kuma a jikin wani ta soka. Duk ungozoma akwai haihuwar da ta fara karɓa hannunta na rawa. Mu kuma kun san halinmu: magidanci nawa ne a cikinmu zai yarda ɗalibai goma su kewaye matarsa tana naƙuda don su koya? Ga ɗaliban sun yi yawa. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar a 2024 cewa an ƙara gurbin masu shiga makarantun aikin lafiya daga 28,000 zuwa 64,000, alhali ƙwararrun da za su tsaya a kansu kullum raka su ake yi filin jirgin Ikeja, sun nufi Ingila da Saudiyya da Kanada. To a ina yaran nan za su yi kuskurensu na farko in ba a jikin roba ba? Wanda ya ce ai gunki ne, wannan na bar wa malamai, su ne masu bakin magana. Ni dai abin da na sani, cikinsa wayoyi ne da famfo.

Da za ku ga cikin nasa da kun daina yi masa kallon 'yar tsana. Idan na zuge fatar ƙirjin na ɗaga, abin da ke ƙasa ya fi kama da injin mota da aka aura wa kwamfuta. Akwai ɗan kwamfiresa mai hura iska cikin jakunkunan roba, shi ke sa ƙirji ya tashi ya sauka. Akwai ƙananan lasifikoki masu fitar da ƙarar zuciya da ta huhu, don ɗaliba ta sa abin sauraro ta bambance numfashin mai asma da na mai ciwon huhu. A wuya da tsintsiyar hannu da cinya akwai 'yan injuna masu bugawa kamar jijiya, kuma idan malami ya sauke awon jini a kwamfutarsa, bugun hannu yakan ɓace ya bar na wuya, kamar yadda yake faruwa ga wanda jini ya zube masa. Ga tankin jinin wasa da siraran tiyo masu kai shi hannu, ga batir, ga allon lantarki da ke haɗa su duka, ga manhajar da ke magana da kwamfutar malami ba tare da waya ba. Kowanne yana da ranar gajiyarsa. Wasu ma don su lalace aka yi su: jijiyar da ake soka wa allura safe da yamma dole ta fara yoyo, fatar maƙogwaro da ake koyon yankawa don buɗe hanyar numfashi sai an sake ta, jakar gefen ƙirji da ake hudawa ita ma haka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma ban taɓa ganin takardar ɗan kwangila da ta faɗi abin da za a riƙa kashewa duk shekara a kan waɗannan ba, sai in an tambaye shi, an kuma matsa.

Sannan ga Ikko da halinta. Waɗanda suka ƙera na'urorin nan a Norwe da Amurka ba su san watan Yuni a Legas ba, lokacin da takalmin da ka ajiye ƙarƙashin gado sati biyu sai ya yi fumfuna, ga iskar teku mai cin ƙarfe. Na taɓa zuwa wata makaranta, ba zan kama suna ba, aka ce in duba musu wanda wani bawan Allah ya ba su kyauta. Sai da aka yi awa guda ana neman makulli, ashe yana jakar shugabar makarantar, ita kuma ta tafi taro. Wata goma sha huɗu ɗakin yana kulle, wai kada ɗalibai su ɓata abu mai tsada. Da aka buɗe, wari ne ya fara yi mana sannu da zuwa. Guntun zaren da aka yanke ranar biki yana nan maƙale a jikin ƙofa. Na ɗaga fatar, tiyon jinin duk ya yi baƙi saboda an bar ruwa a ciki tun ranar da aka nuna wa manyan baƙi. Batirin ya kumbura kamar burodin Agege. Ɓera ya shiga ta ƙugu ya yi sheƙa da soso, ya ci wayoyi uku. Garanti kuwa ya ƙare wata biyu kafin zuwana, kuma ko ɗaliba ɗaya ba ta taɓa ɗora hannu a kansa ba. Ban ga laifin matar sosai ba. An damƙa mata dukiyar da ta fi albashinta na shekaru, ba a ba ta mai kula ba, ta yi abin da mai tsoro ke yi. Sai dai irin wannan na'ura kulle ta shi ne kashe ta. So take a kunna ta, a wanke tiyonta da tataccen ruwa da sifirit bayan darasi, a busar, a yi wa batirin caji a kan lokaci, a ajiye ta a ɗaki mai sanyi marar laima.

Wuta kuwa ba sai na faɗa wa mai firiza a Mile 12 ba. Ƙarfin wutarmu 230 ne, ta Amurka 120. Sababbin na'urori da yawa suna karɓar kowacce, amma wasu tsofaffin kwamfiresoci ba sa yi. Na ga na gwanjo da aka kawo daga can, wani mai gaggawa ya sa masa adafta ya cusa a soket. Ƙara ɗaya ya yi, hayaƙi ya ɗan tashi, shi ke nan. Abin da ya fi kashe su ma shi ne daidai lokacin da nepa ta ɗauke aka juya zuwa janareta, ko ta dawo da ƙarfinta duka. Dole sai da sitabilaiza da inbata a tsakani, da wayar da ke kai wuta ƙasa wadda aka gwada aka ga da gaske ta kai ƙasar, ba wadda aka tura cikin bango aka shafe da siminti ba. Kuma tun da kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, ya kai naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, in makaranta za ta rage kashe kuɗi, na'urar sanyaya ɗakin da babu mai rai a ciki ake fara kashewa.

Wata ɓarnar kuma babu mugunta a cikinta, rashin wanda zai ce a dakata ne. Jinin wasa ya ƙare a wani wuri, wata malama mai dabara ta ce ai zoɓo ma ja ne. Aka yi darasi lafiya, kowa ya yaba. Bayan sati guda tiyo ya toshe ya yi tsami, kiyashi sun ja layi daga taga har hammatar mutum-mutumin. Kwana uku na yi ina zuƙe shi da sirinji. Biro ma haka: ɗaliba ta zana inda za ta soka allura, tawadar ta shige fatar ba fita. Aidin yana rina ta, basilin yana cin robar maƙogwaro, shi ya sa masu ƙerawa suke da nasu man. Sai akwai mutum a ɗakin kullum, wanda aikinsa ke nan, da zai riƙe hannun yarinya kafin biron ya sauka.

Duk wannan da sauƙi, iyayena, domin na'urar da ta mutu kowa ya san ta mutu. Wadda take hana ni barci ita ce mai aiki amma tana ƙarya.

Idan zuciyar babban mutum ta tsaya, ana danna ƙirjinsa ne ya nutse santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, dannawa 30 hurawa 2. Wanda bai kai zurfin nan ba, jini ba ya isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata, wahalar banza yake sha. A cikin ƙirjin mutum-mutumin akwai sifirin mai taurin da ya yi kusa da na ƙirjin ɗan Adam, da wani ma'auni da ke gaya wa allo iya zurfin da aka danna, in ya kai sai fitila ta yi kore. Wata rana ina tsaye a baya ana darasi, sai na ga wata siririyar yarinya, irin wadda iskar Marina za ta iya ɗauka, tana samun kore a kowace dannawa, ko zufa ba ta yi. Ni kuwa na san aikin nan minti biyu yake sa ƙato haki. Da aka tashi na ɗauko rula da ɗan katako na auna. Ashe fitilar tana yin kore tun ƙirjin bai kai santimita 4 ba. Ma'aunin ya goce daga mazauninsa, sifirin ɗin kuma ya saki. Na buɗe rajistar ɗakin, na ga aji biyu sun riga sun ci jarrabawa a kansa, sun watsu asibitoci da hannun da ya saba da rabin aiki, kowaccensu da yaƙinin ta iya. Sai da muka bi su da waya ɗaya bayan ɗaya, waɗanda aka samu aka dawo da su suka sake. Ba duka aka samu ba.

Ku 'yan kasuwa ne, kun san mudun da aka bubbuge wa gindi. Daga waje mudu ne, a ido cike yake har da tozo, mai saye sai ya je gida tuwo ya kasa. Kun kuma fi ni sanin abin da Alƙur'ani ya ce kan masu tauye awo. A nan babu wanda ya yi niyyar tauyewa, ƙarfe ne ya gaji, amma wanda za a tauye wa yana can kwance a wani asibiti bai san hawa ba bai san sauka ba. Shi ya sa babban aikin injiniya a wannan ɗaki, kafin ma a zo ga gyaran abin da ya karye, shi ne gwada awo: zurfin dannawa, yawan iskar da ke shiga huhu, adadin jinin da ke fita daga tanki. Ya gwada, ya rubuta da kwanan wata, ya sa hannu, wata mai zuwa ya sake.

A ɗakin haihuwa ma awon nan shi ne rai. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, kuma zubar jini na kan gaba a dalilai. Rabin lita ne iyakar da in an kai ta ake cewa akwai haɗari, ido kuwa yakan raina jinin da ya jiƙa zani da katifa. Binciken da aka fitar a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa, ya nuna cewa shimfiɗa leda mai awo a ƙarƙashin mai haihuwa, tare da haɗa matakan tsayar da jinin a lokaci guda, ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. To ɗalibar da za ta koyi wannan, idan tankin da take koyo da shi ya toshe yana ɗiga a maimakon kwarara, da me idonta zai saba?

Sai maganar safaya. Kamfanonin da suka yi suna a wannan harka, irin su Laerdal da Gaumard, a waje suke ƙera kayansu. Wani ɗan bawul da bai kai kan yatsa ba ya taɓa zaunar mana da na'ura wata biyar: a rubuta wa wakili, wakili ya rubuta waje, a nemi dala, kaya su iso a jira kwastam. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Kuɗin da aka ware don fata da jijiya na shekara guda ya wayi gari ko rabi ba ya saya. Wasu manhajojin ma sai ana sabunta lasisinsu, kwamfutar malamin kuwa in ba a tsare ta ba nan da nan ta koma ta buga takardun ofis da kallon ƙwallo, ranar darasi ta ƙi gane mutum-mutumin. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A 2011 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Duke ta Amurka, Lora Perry da Robert Malkin, sun bi lissafin kayan asibiti 112,040 a ƙasashe 16 masu tasowa, suka samu kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki, kuma manyan dalilan su ne rashin horo da rashin tsarin kula da kaya da rashin abubuwa irin su wuta.

Shawarata, in za ku karɓa daga yaro, kada ku zuba kuɗin duka a kan ƙato ɗaya. Irin wanda na gani a hoton nan dala dubu gommai ne, wani ma yakan haura dubu ɗari. Mutum-mutumi na farko mai aiki da kwamfuta, Sim One, a Kalifoniya aka yi shi a shekarun 1960. Yana numfashi, yana ƙyafta ido, amma tsadarsa ta hana shi yaɗuwa, guda ɗaya tak aka ƙera. Wadda ta cika duniya ita ce Resusci Anne, wadda wani mai ƙera kayan wasan yara a Norwe, Asmund Laerdal, ya fitar a 1960 ba ko kwamfuta a cikinta. Kafin su duka, a 1759 Sarki Louis na 15 ya tura wata ungozoma, Madam du Coudray, ta zaga Faransa tana koyar da karɓar haihuwa da ƙugun mace da ta haɗa da yadi da fata da auduga, aikin da telanmu na Agege ba zai gagare shi ba. Ɗaya daga cikinsu yana nan har yau a gidan tarihi a birnin Rouen. A zamaninmu akwai MamaNatalie, wadda malama ke ɗaurawa a cikinta ta zama ita ce mai naƙudar, tana sakin jinin da hannunta, da jaririyar NeoNatalie da ake cika ta da ruwa ta yi nauyin jariri, a koyi hura masa numfashi a minti ɗayansa na farko a duniya. Babu ruwansu da nepa, kuma in sun yage ana iya liƙewa. Ga 'yan ungozoma, goma irin waɗannan a hannun ɗalibai kullum, da hannuwan koyon allura da ƙirazan koyon dannawa, sun fi ƙato ɗaya a bayan makulli.

Ban ce babban ba shi da wurinsa ba. Idan ana so likita da nas da mai ba da maganin barci su koyi aiki tare a kan wanda numfashinsa ke yankewa, kowa ya san abin da zai kama ba tare da ihu ba, to shi ne gwani. In kun dage sai shi, ba a fafe gora ranar tafiya. A ɗauki mai kula da shi tun kwantena ba ta iso Apapa ba, ya kasance a gabansa za a buɗe akwatin. A rubuta cikin kwangila cewa kamfanin zai horar da shi a kan gyara, ba a kan kunnawa da kashewa kawai ba, kuma za a ba shi littafin masu gyara, domin shi wakili ya fi son a riƙa kiransa ana biya. Fata da jijiya da jakunkunan huhu da batir na shekara biyu ko uku su zo cikin kwantena ɗaya da shi. A nawa lissafin, wajen kashi ɗaya cikin goma na kuɗin saye ya kamata a tanada duk shekara don kulawa, kuma Alhazanmu 'yan canji sun fi ni sanin a wane kuɗi ya kamata a ajiye shi. Makulli ya zauna a hannun mai kula, da jadawalin darasi a manne a ƙofa. Ku kuma, iyayena, ku riƙa aika wani ba sanarwa, ya ce a ba shi rajista ya ga awa nawa aka yi amfani da shi a wannan watan da ranar da aka gwada awonsa na ƙarshe. Da ni ne ma, walimar da allon sunayen masu gudummawa sai na jinkirta su har na'urar ta cika shekara tana numfashi, amma na san wannan da wuya ta shiga.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutumin. Yaranmu suna nan cike da Computer Village da Alaba, suna ɗaga ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba daga allon waya su dasa wata, hannu ko motsi ba ya yi. A ƙofar gidanmu, cikin asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, akwai makarantar tarayya ta koyon injiniyancin kayan asibiti, Jami'ar Legas ma tana da sashen wannan fanni. 'Ya'yanmu nawa ne a ciki? Kowane uba likita yake so, in ta ƙi nas, ban taɓa jin wanda ya ce Allah ya sa ɗana ya zama mai gyaran kayan asibiti ba. Ku cire kuɗin karatun yara biyu daga wannan asusun, ɗaya ta zama mace, domin a darasin haihuwa 'yan matanmu sun fi sakin jiki in babu namiji tsaye da sukudireba a kansu. Wanda ya iya mutum-mutumin nan gobe shi zai tayar da na'urar iskar oksijin da kwalbar bakwaini, a nan ko a Kano ko Sakkwato.

Sai dai iya dalma kaɗai bai wadatar ba, wannan a jikina na koya. Shekarata ta farko na gyara lasifikar huhu, ƙara tana fita tangaran, ina ta jin kaina. Wata tsohuwar nas ta sa abin sauraro ta ce, "Ɗana, ka juya su. Na dama yana kuka a hagu." Daga ranar na riƙa zama a bayan aji da littafina har na san inda kowane haƙarƙari yake da yadda huhu mai ruwa ke ƙara. Dole kuma mai gyara ya san inda dabara take tsayawa. Tiyon jijiya zan iya nemo makamancinsa a Idumota, rigar katifa tela ya ɗinka, ɗan maƙalin roba da ya karye akwai masu injin buga shi a Yaba. Amma ma'aunin ƙirji, da wurin da ake ɗora na'urar girgiza zuciya mai wuta ta gaske, waɗannan ba a yi musu a-liƙa-a-gani.

Ƙanena da ya nuna mini hoton ya san inda nake aiki, kuma na nemi izinin shugabanmu ta amince. Idan kwamiti ya turo mutum biyu kowace rana daga Litinin zuwa Alhamis bayan azahar, zan buɗe musu ƙirjin wanda muke da shi, in ba su rula su auna da hannunsu, in nuna musu kwalin kayan da muka canza a shekarar nan kaɗai. Su zo da takardar ɗan kwangilar mu karanta ta tare layi-layi, tun ba a ba shi kafin alƙalami ba.

Allah ya saka muku da alheri, ya sa a mizani. In na yi rashin ladabi a wani wuri a yafe mini.

Wassalam.

Ɗanku,
mai gyaran kayan koyon aikin asibiti,
Idi-Araba, Legas.